Ina Ake Samo Zane? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗinkin Kwilt da Ka a Keke Mai Dogon Hannu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu fara tsayuwa gaban keke mai dogon hannu, musamman 'yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila inda sana'ar take da kasuwa. Galibin masu tambayar mata ne, shi ya sa zan riƙa cewa "ki". Maza teloli su yi mini uzuri, maganar ta shafe su su ma.

Mene ne kwilt, kuma me ya raba keke mai dogon hannu da keken da muka sani?

Kwilt bargo ne mai hawa uku: fuska a sama, wadda galibi ake harhaɗawa da ƙyallaye, shimfiɗar auduga a tsakiya, sai shafi a ƙasa. Ɗinkin da ke ratsa hawa ukun shi ke riƙe su wuri ɗaya, kuma shi ke fitar da ado. Duk wanda ya taɓa kallon lifidi a jikin doki ranar hawan sallah ya riga ya san dabarar: tufa sama, tufa ƙasa, audugar rimi a tsakani, ɗinki ya danne. Sai dai lifidi don tare kibiya da mashi aka yi shi, kwilt kuwa don sanyi da ƙawa.

A keken gida allura tana wuri ɗaya, ke kike tura yadi. A keke mai dogon hannu yadin ne ke tsaye, a naɗe jikin sanduna bisa wani firam mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14, keken kuma yana bisa ƙananan tayoyi, kina riƙe da hannayensa kina tuƙa shi hagu, dama, gaba da baya. Tazarar da ke tsakanin allura da jikin keken takan kama daga inci 18 zuwa 30, daga nan sunan ya fito. Kamfanin Gammill na jihar Missouri, wanda aka kafa a 1980, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi. Akwai kuma APQS a Iowa da Handi Quilter a Utah da wasunsu.

Me ake nufi da ɗinki "da ka"?

Hanya uku ake bi a fitar da zane a wannan keke. Ta farko kwamfuta: a ɗora mata zane, ta tuƙa keken da kanta, kamar yadda Statler na Gammill da Pro-Stitcher na Handi Quilter suke yi. Ta biyu fantogiraf, wato doguwar takarda mai ɗauke da zane da ake shimfiɗawa a teburin bayan keke. Mai ɗinki ta tsaya can baya tana bin layin da ɗigon hasken leza, ba ta ma kallon yadin. Ta uku ita ce tamu: ki tsaya a gaba, idonki a kan allura, zanen yana fitowa daga kanki zuwa hannunki. Akwai kuma aikin rula, inda ake jingina ƙafar keke da rular roba mai kaurin kwatan inci don a sami miƙaƙƙen layi ko baka mai tsafta. Yawancin masu ɗinki da ka suna haɗawa da shi.

Na tara hotuna sun fi ɗari biyar a waya, amma da na tsaya gaban keke sai kaina ya ɗaure. Me ke damuna?

Babu abin da ke damunki. Hoto yana nuna miki inda allura ta bi ne bayan ta gama, ba ya gaya miki ta ina ta shiga, ina ta fara juyawa, wane layi ta sake takawa ta koma baya, ta wace kusurwa ta fita zuwa zane na gaba. Wannan shi nake kira hanyar allura, kuma ita ce ainihin abin da ake nema. Zare ba alƙalami ba ne da za ki ɗaga ki sauke inda kika ga dama. Duk tsayawa tana nufin ƙulli, yanke zare, da binne bakinsa, saboda haka zanen kwilt mai kyau layi ɗaya ne da ke tafiya bai katse ba.

In kin fahimci haka, tambayar za ta sauya. Maimakon "ina zan sami zane mai kyau", sai ta koma "wane ne cikin waɗannan na san hanyarsa". Cikin hotunanki ɗari biyar da wuya a sami goma. Ni ma na yi wannan tarin, har wayata ta riƙa ƙorafin cika, amma kwilt huɗu na farko da na gama duk kwana-kwana, wato layi mai lanƙwasa da ke yawo, na yi musu, don ita kaɗai hannuna ya sani. Ki zaɓi hoto uku, ki ɗora takarda shara-shara a kai, ki bi layin da fensir ba tare da ɗaga hannu ba har ki gano sirrinsa. Yadda ake yi yana cikin amsar da ke kan mayar da hoto layi ɗaya.

To, da waɗanne zane-zane zan fara?

Sunayen nan ni na raɗa musu da Hausa don mu fahimci juna. Kwana-kwana layi ne mai lanƙwasa da ke yawo ba ya tsallaka kansa. Yana koya miki cika fili daidai. Maɗauki shi ne layi mai zagayowa ya tsallaka kansa kamar rubutun haɗe. Katantanwa ki shiga da murɗi har tsakiya, ki bar wa kanki hanyar fitowa. Tsakuwa ƙananan da'irori ne manne da juna, masu kyau amma masu cin zare da lokaci. Amsa-kuwwa kuwa ki zagaye abin da kika riga kika ɗinka da layi mai bin siffarsa, tazara ɗaya. Masu kwilt na tsibirin Hawayi sun shahara da ita.

Da waɗannan biyar, in kika ƙara ganye, za ki iya gama kowane kwilt na gado. Amsa-kuwwa ce na fi so a ba lokaci, don ita ce motar haya: in kika maƙale a lungu, da ita kike fita ki isa inda fili ya rage. Gashin tsuntsu, zanen da ake jera gashi dama da hagu a jikin wani layi na tsakiya da ake kira ƙashin baya, wanda kowa ke marmari, ki bar shi sai wata na uku ko na huɗu. Yana da amsarsa a ƙarshe.

Zane a takarda yana taimakawa kuwa, ko ɓata lokaci ne?

Ga mai keke mai dogon hannu babu atisayen da ya kai shi arha da amfani, domin motsin iri ɗaya ne: takarda tana tsaye, alƙalami na tafiya. Amma akwai sharaɗi. Kada ki kwantar da wuyan hannu a kan takarda kamar mai rubuta wasiƙa. Ki riƙe alƙalamin a tsaye, ki ɗaga hannun, motsin ya fito daga gwiwar hannu da kafaɗa, don da su ake tuƙa keke. Ki yi zanen da girman da za ki ɗinka shi, a tsohuwar jarida ko farin allo mai goguwa, kuma da biro ko maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Fensir yana sa mutum gogewa, keke kuwa ba shi da magogi sai reza.

Ki cika shafi tun daga gefe har gefe. Zana katantanwa ɗaya a tsakiyar takarda kowa ya iya. Iyawar tana wurin jera guda arba'in babu ramin da aka bari babu cunkoso. Minti goma kullum sun fi awa uku ranar Asabar. Yau da gobe ai ita ta sa allura ginin rijiya.

Waɗanne littattafai suka cancanci kuɗina?

Kafin suna, ga ma'auni. Ki buɗe littafin a tsakiya. In kin ga hoton kwilt mai sheƙi kawai, na kallo ne. In kin ga zane mataki-mataki, da ɗigo mai nuna mafari da kibiyoyi masu nuna inda za a nufa, na aiki ne. Wanda ya haɗa da nuna yadda ake shan kwanar kusurwa da yadda ake fita daga zanen ya fi duka.

Littafin Angela Walters mai suna Shape by Shape Free-Motion Quilting, na 2014, ya dace da mai tambaya "me zan sa a nan", domin an tsara shi bisa siffar gurbin da za a cika: murabba'i, alwatika, da'ira, da sauransu, har da gefuna. Ita kanta mai aiki da keke mai dogon hannu ce a Missouri. Na Harriet Hargrave, Heirloom Machine Quilting, ya fara fitowa tun 1987 kuma don keken gida aka rubuta shi, amma bayaninsa kan auduga da zare bai tsufa ba. Karen McTavish kuma tana da littattafai kan salon cike fili da ake kira da sunanta, McTavishing.

In kina Amurka, kada ki sayi ko ɗaya sai kin leƙa laburaren unguwarku. Littattafan kwilt suna lamba 746.46 a tsarin Dewey da laburare ke jera littattafai da shi, kuma wanda ba su da shi sukan aro miki daga wani laburaren. Ki riƙe shi mako uku. In kin mayar kuma kika ji kina kewarsa, shi ne na saye.

Bidiyo fa? Yawancin waɗanda nake gani a keken gida ake yin su.

Bidiyo ya fi littafi a abu ɗaya: yana nuna hanyar allura da saurinta. Leah Day ta fara wani aiki a 2009 na fitar da zanen cike fili guda 365, kowanne da bidiyonsa, kuma har yanzu yana cikin manyan rumbunan kyauta a YouTube. A keken gida ta yi su, amma hanyar allura ba ta sauyawa. Abin da za ki kula da shi biyu ne. Mai keken gida tana iya juya yadinta ta fuskanci duk inda take so, ke ba ki da wannan dama, dole ki koyi zanen ta fuska huɗu. Sannan ke fili mai faɗi amma gajere kike da shi, iyakar abin da hannun keke ya kai, kuma yana raguwa yayin da kwilt ke taruwa a sandar naɗi. Zanen da ya fi filin nan tsayi sai an raba shi.

Ki rage saurin bidiyon zuwa rabi, ki kashe murya, ki bi da biro a takarda. Kallo hannu sake ba ya koyar da komai sai sha'awa.

Tsofaffin kwilt na hannu suna da abin da za su koya wa mai keke?

Su ne ma uwar makarantar. Kusan duk zanen da ake yayi yau jikan nasu ne. Kwilt ɗin yankin Wales da na arewacin Ingila da yawansu yadi ɗaya ne babu haɗe-haɗe, ɗinkin ne kaɗai ado, don haka zanen yana fitowa sarai. Na Wales sukan sa babban zane a tsakiya su kewaye shi da gefuna hawa-hawa cike da katantanwa da ganye da zuciya. Na arewacin Ingila sun fi son gashin tsuntsu mai gudana da igiya murɗaɗɗiya. Mutanen Amish na Pennsylvania sukan haɗa manyan yadudduka marasa fure su zuba musu ɗinki mai laushi. Daga kudancin Faransa akwai farin aikin Marseille mai tudu-tudu, daga Japan akwai sashiko da zanensa na igiyar ruwa, daga Bengal kuma kantha.

Ba sai kin yi tafiya ba. International Quilt Museum na Jami'ar Nebraska da ke Lincoln, wanda aka kafa a 1997 da kyautar kwilt kusan dubu daga Ardis da Robert James, ya sa tarinsa a intanet. Quilt Index na Jami'ar Jihar Michigan ya tattaro dubban hotuna daga wurare daban-daban. Gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ma haka, kuma a can ne ake ajiye ɓangare na kwilt ɗin Tristan da aka ɗinka a Sisili a ƙarshen ƙarni na 14. Ki tuna abu ɗaya: mai ɗinkin hannu tana iya zura allura ta cikin auduga ta ɓullo wani wuri ba a gani ba. Keke ba ya wannan, don haka zanensu yakan buƙaci gyara kafin ya zama layi ɗaya.

Zuwa baje koli yana da amfani, ko hotunansa sun isa?

Gani ya kori ji, ya kuma kori hoto. Kyamara tana baje ɗinki, tudu da kwari su ɓace. Manyan tarukan su ne na Houston a jihar Texas da kaka, na Paducah a Kentucky da bazara, inda National Quilt Museum yake tun 1991, QuiltCon na masu salon zamani da aka fara a 2013, da Festival of Quilts a Birmingham ta Ingila. A Paducah ne a 1989 kwilt ɗin Caryl Bryer Fallert ya zama na farko da aka ɗinka da keke ya ci babbar kyauta, abin da ya tayar da ƙura a lokacin, don wasu ba su ɗauki aikin keke a matsayin kwilt na gaskiya ba.

In kin je, kada ki tsaya gaba-da-gaba kawai. Ki koma gefe inda haske ke faɗowa a karkace, nan zanen ke tashi. Ba a taɓa kwilt da hannu, amma akwai masu farin safar hannu da aikinsu ke nan. Ki roƙe su su ɗaga miki ki ga bayan. A shafi ne ake karanta hanyar allura ba tare da furen yadi ya ruɗe ido ba. Ƙananan baje kolin ƙungiyoyin gari sun ma fi amfani ga mai koyo, don aikinsu na mutane ne irinki, kuma mai shi tana nan kusa ki tambaye ta.

Ban da duniyar kwilt, ina kuma ake duba?

Duk inda aka maimaita siffa don cika fili. Ƙofar ƙarfe, tayil, kafet ɗin otal, gefen faranti, bangon tsohon littafi, jijiyar ganye. Karen McTavish ta ce salonta ya samo asali ne daga yadda mai zane Alphonse Mucha yake zana gashin mata yana kwarara. Littafin Owen Jones, The Grammar of Ornament, na 1856, ya tara adon al'ummomi da dama shafi bayan shafi, kuma tun da haƙƙin mallakarsa ya ƙare ana samunsa kyauta a Internet Archive. Zanen tayil irin na fadar Alhambra a Sifen yana ɗaukar ido, amma ki sani aikin rula ne da awo, hannu sake ba ya fitar da shi.

Zan iya sa zanenmu na gida, irin su aska takwas da dagi?

Ƙwarai, kuma nan ne kike da abin da maƙwabciyarki a aji ba ta da shi. Tambarin da ke babbar riga, murɗin nan mai kewaya, layi ɗaya ne tun asali. Ki shiga ki fito kamar katantanwa, ya zauna daram a tsakiyar murabba'i. Asake, dogayen tsinin aska biyu da aska takwas, suna kyau a gefen kwilt, a ja su da rula, a cika ɗaya da layuka matsattsu a bar na kusa da shi fayau don ya kumbura. Ƙananan idanun da masu aikin hannu ke cika fili da su ba sa yiwuwa a wannan keke, amma tsakuwa tana ba da kusan irin kallon.

Dagi ya fi wuya. Kyansa yana wurin saƙar, wannan igiya ta hau waccan ta nutse. Zare ɗaya ba ya nuna hawa da nutsewa. Ko dai ki yarda layukan su gicciye juna kawai, ko ki zana kowace igiya da layi biyu, ki tsaya inda ya kamata ta nutse, ki taka gefen ɗayar ki tsallake. Na biyun ne ke fitar da dagi na gaskiya, kuma yana son alama da alli tukuna.

Sai zanen bangon gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, wanda layukansa masu kauri ne da lanƙwasa, kamar don kwilt aka yi su. Ga sassaƙar ƙwarya, ga aikin dukawa, ga hular zanna. Lalle kuwa kusan darasi ne kai tsaye, don mai zanen lalle ita ma da layi mai gudana take aiki, tana ɗora fure kan fure da amsa-kuwwa. Zayyanar allo da ta littattafai akwai siffofi masu kyau, amma ki ɗauki siffar kaɗai. Rubutu mai alfarma ba a sa shi a abin da za a kwanta a kai ko a taka.

Yaya zan mayar da hoto ya zama layi ɗaya?

Ki ɗora takarda shara-shara ki kwafi manyan layuka kaɗai, ki watsar da ƙananan. Ki sa ɗigo a inda za ki shiga, yawanci hagu, da inda za ki fita, yawanci dama. Sai ki nemi hanyar da za ta ratsa duka ba ɗaga hannu. Inda kika maƙale, mafita uku ce: ki sake taka layin da kika riga kika yi ki koma, ki ƙara wani ɗan layi na haɗi kamar reshe ko maɗauki, ko ki bi cikin kabun da ya haɗa ƙyallaye biyu inda zare ke ɓuya. In zane ya buƙaci tsayawa fiye da biyu ko uku a gurbi ɗaya, ki ƙara sauƙaƙa shi. Idan kin samu, ki zana kibiyoyi da jan biro ki adana a littafin samfurinki.

Ga fuskar kwilt a gabana. Yaya zan san zanen da ya dace da ita?

Ki fara da tambayar wa zai yi amfani da shi. Na yaro da za a riƙa wankewa kowane mako zane ɗaya mai faɗi daga gefe zuwa gefe ya ishe shi. Na rataya a bango ko na gasa shi ke cin zane daban a kowane gurbi. Sannan ki dubi yadin. Mai fure da yawa yana haɗiye ɗinki. Na taɓa kashe kwana uku ina zuba gashin tsuntsu a kan fuskar da aka haɗa da atamfa, da na sauke sai da na kai hanci kusa kafin na gan shi. A kan atamfa ki yi abu mai sauƙi ko ki bi furen da ke jikinta, ki ajiye gwanintarki don yadi mara fure.

Ki gwada kafin ki ɗinka. Ki sami gilashin roba ko leda mai kauri, ki naɗe gefunansa da tef mai launi don kada maka ta zarce kan yadi, ki ɗora a fuskar ki zana. Ko ki ɗauki hoto ki buga kwafi huɗu a takarda, kowanne da tsari daban. Abin da ya fi yawan aiki shi ne saɓani: haɗin da ke da kusurwoyi ya sami zane mai lanƙwasa, mai da'ira ya sami miƙaƙƙen layi, matsattsen ɗinki ya zauna kusa da sakakke.

Yaya zan haɗa littafin samfur nawa?

Wannan ya fi duk littafin da za ki saya. Ki sami fayil mai zobe. Kowane zane shafi ɗaya: zanen da kibiyoyinsa, inda kika samo shi, da abin da ya ba ki wahala. Ki raba shi bisa aiki, ba bisa kyau ba: na cike fili, na gefe, na siririn tsiri, na murabba'i, na alwatika. Ranar da kika tsaya gaban gefe mai faɗin inci 4, sashe ɗaya kawai za ki buɗe.

Sai ki yi masa ɗan'uwa na yadi. Ki ɗora akoko ko tsohon zanen gado a firam, ki raba shi gida-gida na inci 8, ki ɗinka zane ɗaya a kowane gida da zare mai launi dabam, ki yanka, ki rubuta a bayan kowanne irin zare da auduga da kwanan wata, ki zura su a zobe. In kina karɓar aikin mutane, wannan za ki miƙa wa mai kaya ta taɓa ta zaɓa. Doka ɗaya ce: ba ya shiga littafin sai wanda hannunki ya ɗinka. Waɗanda kike buri suna da nasu wurin a waya.

Zanen ya yi kyau a littafi, a nawa kwilt ya yi tauri kamar tabarma. Me ya faru?

Girma ne. Samfurin littafi sau da yawa ƙanana ne don su shiga hoto. Ɗinki matsattse yana taurara bargo yana kuma tsuke shi, kuma in wani sashe ya matsu wani ya sake, gefuna sai su yi ta igiyar ruwa. Don na gado, ki bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin layuka. Ki karanta ledar audugar, an rubuta iyakar tazarar da take jurewa. Wata inci 4, wata har inci 10. Ba sai kin auna kowane layi ba, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Zare ma yana sauya fuskar zane. Lambarsa in ta hau, siririntarsa ta ƙaru: 40 yana fitowa fili, 60 yana lafewa, 100 kusan inuwa kaɗai yake bari. Zanen da ake yawan sake taka layi, kamar tsakuwa, yana son siriri, in ba haka ba zaren ya taru ya yi dunƙule. Audugar ulu tana kumbura ta fito da zane, ta auduga zalla tana kwanciya.

Yin alama da alli ba ha'inci ba ne a ɗinki da ka?

A'a. A ƙauyukan arewacin Ingila a ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu sana'ar zana wa mutane fuskar kwilt da shuɗin fensir a biya su, matan gida kuma da faranti da kofi suke fitar da da'ira. Ki ja ƙashin bayan zane, ki raba gefe gida-gida, ki sa ɗigo inda za ki juya. Ki dai gwada allin ko makar a ƙyalle tukuna, kuma kada ki sa dutsen guga a kan shuɗiyar maka mai fita da ruwa, zafi yana iya kama ta.

Halal ne in kwaikwayi zanen wani?

Zane-zanen gargajiya irin su gashin tsuntsu, ɓawon kifi, raga da katantanwa na kowa ne. Wanda malama ta koyar a littafi ko aji, don a ɗinka ta koyar. Abin da ba a yi shi ne kwafar takardar fantogiraf ko shafin littafi a raba wa ƙawaye ko a sayar, da ɗaukar tsarin kwilt ɗin wata gaba ɗaya a kai gasa da sunan kai. Takardar shiga gasa takan tambayi tushen zane da sunan wadda ta yi ɗinkin. Ki rubuta gaskiya. In daga aikin wata mai rai kika ɗauko kuma za ki sayar, ki tura mata saƙo. Yawancinsu murna suke yi.

Gashin tsuntsuna yana fitowa kamar yatsun ayaba. Ina gyaran?

Kowa daga ayaba ya fara. Matsalar kusan kullum kusurwa ce: kina fita daga ƙashin bayan a miƙe, alhali kowane gashi ya kamata ya taso a kwance, ya bi jikin ƙashin kaɗan kafin ya buɗe, kamar rabin zuciya. Ki ja ƙashin da alli, ki ja wasu layuka biyu a gefensa su zama iyaka, don gashin su daina wuce juna. Idonki ya riga allura, ya sauka inda za ki dawo, kada ya tsaya inda take.

In sake taka layi ne ke ba ki wahala, ki bar salon gargajiya tukuna. Ki yi wanda kowane gashi yake tsaye shi kaɗai, ki fita ki dawo ƙashi da 'yar tazara tsakaninsa da na baya, sannan ki zagaye duka da amsa-kuwwa, ita za ta rufe rashin daidaiton. Ki duba saurinki kuma: tafiyar hawainiya tana sa layi rawa, baka mai santsi tana son ɗan gudu. Yawancin mutane gefe ɗaya ya fi zo musu da sauƙi, don haka a takarda ki ba gefen da ke ƙi miki shafi biyu, mai sauƙin shafi ɗaya.